Kwarashi da aikinsa

An gama girbi. Hatsi ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun tafi kasuwa. Iskar ɗari ta fara kaɗawa. Daga yanzu har ruwan shuka aikin gona ya yi sauƙi, amma tukunya ba ta san rani ba. Ga kuɗin gishiri, ga na sabuni, ga biki, ga suna. Shi ya sa rani lokacin sana'ar hannu ne. Darasin wannan karo a kan wani ɗan ƙaramin kayan aiki ne da ake kira kwarashi.

Kwarashi siririn ƙarfe ne, tsawonsa kamar na bik, wajen santimeta 13 zuwa 15. A bakinsa akwai ƴar ƙugiya. Da ƙugiyar nan ake jawo zare, a ratsa shi ta cikin madaukin zare, a sake jawowa, a sake ratsawa. Haka ake ta yi har hula ta fito, ko safa, ko jaka, ko ragaya. Ba sai an kafa itace kamar masaƙi ba. Ba sai an sayi keken ɗinki ba. Kwarashi ɗaya da dunƙulen zare ɗaya sun isa a fara.

Akwai wata saƙa da ake yi da tsinke biyu. Ita daban ce. A saƙar tsinke biyu madaukai da yawa ne ke jere bisa tsinke, in tsinken ya zame sai aiki ya warware. A saƙar kwarashi kuwa madauki ɗaya tak ke zama bisa ƙarfen. In yaro ya yi kuka ko tuwo ya fara ƙauri, mai saƙa sai ta ja madaukin nan ya yi tsawo, ta ajiye, ta tafi. In ta dawo aikinta na nan yadda ta bar shi. Don haka saƙar kwarashi ta dace da matar ƙauye, wadda ba ta samun zama mai tsawo.

Daga ina ya zo

Asalin sunan Faransanci ne, ma'anarsa ƴar ƙugiya. Sunan kansa ya nuna Turawa ne suka zo da shi. Ya tarar da Hausawa sun daɗe da saƙar zane, da saƙar faifai da tabarma, da ɗinkin hula da allura. Ko a ƙasar Turai ba tsohuwar sana'a ba ce ƙwarai. Takardar farko da aka sani ta koyar da saƙar kwarashi da sunanta, an buga ta a ƙasar Holan a 1823. Ƙananan jakunkunan kuɗi ta koya wa mata saƙawa.

Abin da ya bazu da ita sosai yunwa ce. Akwai wata ƙasa kusa da Ingila, sunanta Ailan. Talakawanta dankalin turawa ne abincinsu, kamar yadda hatsi yake a nan. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa a ƙasa, shekara da shekaru, har wajen 1852. Mutum wajen miliyan 1 suka mutu, wasu da yawa suka bar ƙasar. A cikin wannan hali aka buɗe wuraren koya wa mata da yara saƙar kwarashi da siririn zaren auduga. Abin da suka saƙa ana kai shi birane da ƙasashen waje a sayar wa masu kuɗi. Wasunsu ba su da ko kuɗin sayen kwarashi. Sai su nemi allura ko guntun waya, su lanƙwasa bakin, su cusa gindin cikin ɗan itace. Saƙa ba ta kawar da yunwar ba, amma gidaje da dama sun sayi abinci da kuɗinta. Duk wanda ya ga farin 1973 ko na 1984, ko ya ji labari daga bakin iyayensa, ya san darajar sana'ar da ba ta jiran ruwan sama.

Sassan kwarashi da lambarsa

Kwarashi yana da baki, mai ɗan tsini don ya shiga cikin saƙa. Bayan baki akwai ƙugiya. Ƙarƙashin ƙugiya akwai wuya, inda ƙarfen ya sirance. Bayan wuya sai jiki, inda kaurin ya daidaita. Sai wani wuri mai faɗi a tsakiya, inda babban yatsa ke zama. Sauran kuwa mariƙi ne.

A wurin nan mai faɗi ake rubuta lamba. Lambar tana faɗin kaurin jikin kwarashi da milimeta. Milimeta 10 su ne santimeta 1. In an ga 2, kaurinsa milimeta 2 ne. In an ga 3,5 milimeta uku da rabi ne. Ga amfanin karatu ke nan a kasuwa: wadda ta san lamba ba a ba ta abin da ba ta nema ba.

Sirara, daga ƙasa da milimeta 1 zuwa wajen 2, da baƙin ƙarfe mai ƙarfi ake yin su. Su ne na siririn zaren auduga, na farar hular maza da adon bakin kallabi. Matsakaita, daga 2,5 zuwa 5, yawanci na alminiyam ne marar nauyi. Su ne na zaren ulu, na hular yara da safa da rigar sanyi. Manya, daga 6 zuwa sama, ana samun na alminiyam, na roba, da na itace. Su ne na zare mai kauri da tsumma da leda.

Sai dai a yi hattara, ba kowace lamba ce milimeta ba. Wasu siraran na baƙin ƙarfe lambarsu a juye take: lamba 12 ta fi lamba 4 siranta. Akwai kuma masu baki biyu da ake rubuta wa 5/0 ko 7/0. Na 5/0 milimeta 3 ne, na 6/0 milimeta 3,5, na 7/0 milimeta 4. In lamba ta rikitar, a nemi inda aka rubuta haruffa biyu, mm. Lambar da ke gabansu ita ce ta gaskiya.

Mai koyo kada ta fara da siriri. Ido yana wahala, zare yana kuɓucewa, zuciya ta ɓaci tun ranar farko. Lamba 4 da zaren ulu mai hasken launi, shi ne daidai. Baƙin zare ba ya nuna inda za a soka.

A wurin mai koli

Araha ba ta ado. Kwarashin da bakinsa ke da kaushi yana tsaga zare, yana cin yatsa, yana rage sauri. Kafin a biya, a shafa bakin da ƙugiyar bisa gefen zane. In ya kama zaren zanen, a mayar. A duba ko ya miƙe. A duba ƙugiyar: in ba ta da zurfi zare zai riƙa zamewa, in ta cika zurfi wuyan zai karye.

Akwai kuma wani da masu kitso ke aiki da shi wajen saka gashin kanti. Shi ma kwarashi ake ce masa. Yana da ƴar ƙofa a baki mai buɗewa da rufewa. Wannan na kitso ne, ba ya yin hula. Mai saye ta ce, "Malam, na saƙa nake so, lamba 4, marar ƙofa."

Wadda kasuwa ta yi wa nisa tana iya samun kwarashi a ƙauyensu. Wayar ƙafar keke, wadda ke haɗa cibiya da da'irar ƙafar, kaurinta wajen milimeta 2 ne, kuma ƙarfenta mai kyau ne. Mai gyaran keke yana da karyayyu. A yanko santimeta 15 a kai wa maƙeri. Ya goge bakin da magagari ya yi kamar ƙwayar shinkafa, ya yanka ƴar ƙugiya a karkace, ya goge har ta yi santsi. Gindin kuwa a naɗe shi da robar cikin taya, ko a cusa shi cikin ɗan itace, don ya yi daɗin riƙo.

Babban kwarashi kuma da itace ake sassaƙa shi. A nemi busasshen reshe mai tauri, miƙaƙƙe, na aduwa ko magarya ko kanya. Kaurinsa ya kai na bik. A fere shi da wuƙa, a zagaye bakin, a yanka ƙugiya. Kada zurfin yankan ya wuce rabin kaurin itacen. A kankare da fasasshiyar kwalba, a goge da lallausan yashi, a shafa man gyaɗa, a bar shi ya kwana. Ɗanyen itace yana tsagewa in ya bushe, aikin banza ke nan.

Zare

Kwarashi da zare sai sun dace da juna. In kwarashi ya fi ƙarfin zare, saƙa ta yi sako-sako, iska ta ratsa ta. In zare ya fi ƙarfin kwarashi, saƙa ta yi tauri kamar tabarma, hannu ya gaji. A takardar da ke naɗe da dunƙulen zaren kanti akan zana hoton kwarashi da lamba a gefensa. Wannan lamba ake bi. In babu takarda, a kwantar da zaren cikin ƙugiya. Ya kamata ya cika ta ba tare da ya yi tozo ba.

Abin da ake kira ulu a kasuwa, yawancinsa ba gashin tumaki ba ne. Zaren roba ne da ake yi a masana'anta. Ga yadda ake ganewa. A yanko ɗan guntu a kai shi bakin wuta, nesa da yara. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka. Gashin tumaki yana warin babbakar kai. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da ɗari yara suna matsawa kusa da wuta. Rigar zaren roba in ta kama wuta tana narkewa ta manne a fata. Uwar da ta sa wa ɗanta irin wannan riga ta sa masa ido wurin jin ɗumi.

Auduga ta fi dacewa da zafi, tana shan gumi, tana jure wanki. Ƙasar Madawa da Buza da Keita da Ƙonni da Gaya sun san auduga tun da daɗewa. Inda har yanzu akwai tsohuwa mai gurza da shiɓa da kaɗi da mazari, zarenta yana yin saƙar kwarashi. Sai dai zaren mazari guda ɗaya yana da rauni, wani wuri kauri wani wuri siriri. A haɗa biyu ko uku a murza su tare. Abawa kuma tana son babban kwarashi.

Riƙo da idanun saƙa

Riƙo iri biyu ne. Wata tana riƙe kwarashi kamar yadda ake riƙe bik wurin rubutu. Wata tana riƙe shi kamar wuƙar yankan kuɓewa, mariƙin cikin tafin hannu. Duka daidai ne. Ɗaya hannun shi ke riƙe zare. Zaren ya biyo ta ƙaramin yatsa, ya hau bisa manuni. Babban yatsa da na tsakiya su kama saƙar kusa da kwarashi. Bahaguwa kada a tilasta mata hannun dama. Ta zauna fuska da fuska da mai koya mata, ta kwaikwayi abin da take gani.

Kowane ƙulli da aka gama, a nan an kira shi ido, kamar idon koma. Ana farawa da ƙullin zarge irin na tarko, a rataya shi bisa kwarashi, a ja shi daidai, ba tamau ba.

Na farko sarƙa. A naɗo zare bisa kwarashi, a jawo shi ta cikin madaukin da ke kai. Sarƙa ɗaya ke nan. A maimaita. Sarƙa ita ce harsashin aiki.

Na biyu gajeren ido. A soka kwarashi cikin sarƙa ta biyu daga baki. A naɗo zare a jawo. Yanzu madauki 2 ke bisa kwarashi. A sake naɗowa, a jawo ta cikin duka biyun. Gajeren ido yana ba da saƙa mai matsi, ta jaka da soso.

Na uku dogon ido. A fara naɗo zare tukuna, sannan a soka cikin sarƙa ta huɗu daga baki. A naɗo a jawo, madauki 3 ke nan. A naɗo a ratsa 2, saura 2. A naɗo a ratsa 2, saura 1. Dogon ido ya fi sauri, saƙarsa ta fi laushi.

Akwai kuma idon haɗi, na rufe zagaye. A soka, a naɗo, a jawo ta cikin saƙar da madaukin gaba ɗaya. In an kai ƙarshen layi za a juya, a yi sarƙa 1 kafin gajeren ido, sarƙa 3 kafin dogon ido, don a hau tsawon sabon layi.

Kuskure biyu kusan kowace mai koyo ke yi. Na farko, saƙa ta matse har kwarashi ya kasa shiga. Dalili shi ne tana ƙulla ido a wuyan kwarashi, inda ya sirance. Ya kamata kowane madauki ya koma bisa jiki kafin a ƙulla, don jiki shi ne ma'aunin ido. Na biyu, aiki ya fara da faɗi ya riƙa tsukewa kamar kan tulu. Dalili shi ne tana tsallake idon farko ko na ƙarshe. Maganinsa ƙirga. A yi sarƙa 21, a saƙa gajeren ido 20. Kowane layi a ƙirga, a rubuta a kaye. In layi ya ba da 19, a warware shi a sake. Warwarewa ba asara ba ce, zaren yana nan.

Hular jariri

Cikin abubuwan da ake saƙawa, hular jariri ta fi kowane amfani. A watan Disamba da Janairu, da asuba sanyi yana sauka ƙasa da digiri 15 a ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa. Babban mutum yana jawo bargo. Jariri sabon haihuwa kuwa jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Kansa babba ne in an gwada da jikinsa, ɗumi mai yawa yana fita ta nan. Jaririn da ya yi sanyi yana kasa shan nono, ƙarfinsa ya ragu, cuta ta same shi da sauƙi. Bakwaini da ɗan ƙaramin jariri su suka fi shiga haɗari. Shi ya sa ma'aikatan gidan haihuwa ke cewa a share jariri ya bushe, a manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su, a sa masa hula. Hula ba ta maye ɗumin uwa. Taimako take yi.

Ga yadda ake yin ta da kwarashi lamba 4 da zare mai laushi. Daga tsakiyar kai ake farawa. A yi sarƙa 4, a haɗa ta farko da ta ƙarshe da idon haɗi, ya zama zobe. Zagaye na ɗaya: sarƙa 3, sannan dogon ido 11 cikin zoben. Sarƙa ukun nan ana ƙirga su ido ɗaya, duka 12 ke nan. A rufe da idon haɗi. Zagaye na biyu: ido 2 cikin kowane ido, ya zama 24. Zagaye na uku: ido 2 cikin na farko, ido 1 cikin na biye, haka har ƙarshe, ya zama 36. Zagaye na huɗu: ido 2 cikin na farko, sannan ɗaya-ɗaya cikin biyu masu biye, ya zama 48. Kowane zagaye ana ƙara 12.

Me ya sa ake ƙarawa? Mai saƙar faifai ta san amsa. Kowane zagaye ya fi na cikinsa tsawo. In ƙarin ya gaza, saƙa ta lanƙwashe kamar ƙoƙo tun lokaci bai yi ba. In ƙarin ya yi yawa, bakin ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar ganyen salati.

Yanzu a auna. Kewayen kan jariri sabon haihuwa wajen santimeta 34 ko 35 ne. Faɗin ɗan faifan da aka saƙa ya kamata ya zama kashi ɗaya cikin uku na kewayen kai, a rage kaɗan don saƙa tana miƙewa. Wato santimeta 10 zuwa 11. In ya kai haka, a daina ƙari. A ci gaba da ido ɗaya cikin kowane ido. Nan da nan gefen zai fara sauka, hula ta bayyana. In tsawo daga tsakiyar kai zuwa baki ya kai santimeta 12 ko 13, a yanke zare, a ratsa shi cikin madaukin ƙarshe, a ja, a ɓoye jelar cikin saƙa.

Kada a sa wa hular jariri doguwar igiya ta ɗaurewa a wuya. Kada a ɗinka mata duwatsu ko maɓalli, yaro yana tsinkewa ya kai baki. A wanke ta da sabuni ta bushe a rana kafin a sa masa. In rana ta yi zafi, ko an ga kansa yana gumi, a cire.

Wannan lissafi shi ne na kowace hula. Kan namiji babba wajen santimeta 56 zuwa 58 ne, faifan hularsa wajen 17 ko 18. Farar hular auduga da siririn kwarashi tana cin kwanaki, amma kuɗinta ya fi. Saƙar kwarashi ba ta mata kaɗai ba ce. Namijin da ke ɗinkin hula da allura ko tufkar igiya a gindin bishiya, hannunsa ya riga ya saba da irin wannan aiki.

Leda

Baƙar leda ta cika ƙauyuka. Tana rataye a ƙaya, tana toshe magudanar ruwa. Akuya da saniya suna haɗiye ta, ta taru a tumbi, dabba ta rame ta mutu. Mahauta sun sha fitar da ita. A 2014 an yi doka a Nijar ta hana yin irin wannan leda da shigo da ita, amma wadda ta riga ta watsu tana daɗewa ba ta ruɓe ba.

A ƙasar Gambiya akwai wani ƙauye, Njau. A 1997 wata mata mai suna Isatou Ceesay da ƴan uwanta mata huɗu suka fara tsintar leda, suna wankewa, suna saƙa jakar kuɗi da kwarashi. Da farko dariya aka yi musu. Daga baya ƙungiyarsu ta girma, mata da yawa suka shiga, sunanta ya kai ƙasashen waje.

Aikin ba wuya. A wanke leda da sabuni a shanya. A shimfiɗa ta, a yanke hannuwan da gindin. A yanka sauran a kwance, faɗin yatsa biyu, kowane yanki ya fito kamar zobe. A sarƙa zobe cikin zobe, a ja a hankali, ya zama dogon zare, a dunƙule. Kwarashi lamba 6 zuwa 8 ko na itace shi ke saƙa ta. Ana yin jakar kasuwa, da ragaya, da ƴar tabarmar zama. Ba a sa wa yaro ita a jiki, ba a rufe abinci mai zafi da ita, ba a kai ta kusa da murhu.

Lissafi kafin ciniki

Mata da yawa sun iya saƙa, amma ba su ga riba. Suna sayar da hula kuɗin zare kawai, ko su ba da bashi a gidan suna. Ga misali, kuɗin da ke ciki na gwaji ne, kowace mai koyo ta sa na kasuwarsu. A ce an sayi dunƙulen zare mai giram 50 a kan dala 100. A ce ya fitar da hular jariri 2. Zaren kowace hula dala 50 ke nan. In an sayar da hula dala 60, ladan aiki dala 10 ne. In hular ta ci rabin yini, to, mai daka ta fi ta samu. In an sayar dala 90, ladan aiki dala 40 ne. A rubuta abu uku a kaye: kuɗin zare, lokacin da aikin ya ci, da kuɗin da aka karɓa. Bayan wata ɗaya kayen zai nuna abin da ya kamata a ci gaba da saƙawa da abin da ya kamata a bari.

Kasuwa ta cika da hulunan inji da na gwanjo masu araha. Gasa da su a kan kuɗi wahala ce. Amma inji bai san kan ɗan maƙwabciya ba, bai san launin da amarya ke so ba. Mai kwarashi tana aunawa, ta saƙa daidai mutum. Kuma a lura da lokaci. Hular sanyi tun da kaka ake saƙa ta, don ta shiga kasuwa da farkon ɗari. Wadda ta gama tata a watan Maris, sai ta ajiye har baɗi. Farar hular maza kuma gab da salla take tafiya. Matan cibiya ɗaya in sun haɗa kuɗi suka aiki mutum ɗaya birni ya sayo zare da yawa, ya fi araha bisa sayen ɗai-ɗai wurin mai koli.

Adana kwarashi

Siririn kwarashi yana huda fata kamar allura, kuma ƙugiyarsa tana kama nama. Kada a soke shi a kitso ko a ƙugun zane, balle mace mai goyo. Kada a bar shi bisa tabarma. Kada a sosa kunne da shi. In ya shige jiki har ƙugiyar ta ɓace, kada a fizge. A tafi gidan likita a cire shi, a wanke ciwon, a tambayi maganar allurar tetanos. In an gama aiki, a soka bakin cikin guntun kara, ko a zura shi cikin kwankon tsohon bik, a sa a gwangwani mai marufi. Da damina baƙin ƙarfe yana tsatsa ya ɓata farin zare. A goge shi da toka, a shafa ɗigon mai, a share kafin a fara saƙa. Siririn aiki da rana ake yin sa, a inuwa. Hasken fitila yana gajiyar da ido. In yatsu sun fara tsami, a ajiye, a miƙe su, a huta.

Ranar karatu mai zuwa, kowace mai koyo ta zo da kwarashinta, ko wayar keke, ko reshen aduwa busasshe. Ta zo da guntun zare ko leda wankakkiya. Ta auno kan yaro ɗaya na gidansu da igiya, ta ƙulla alama. A cibiya za a shimfiɗa igiyar bisa ma'auni, a karanta santimeta nawa ne, a raba uku, a rubuta a kaye.